Ina da keratokonus, kuma ina tsoron lens ɗin da aka auna mini

“Assalamu alaikum likita. Shekaruna 24. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da keratokonus a idanuna biyu, na hagu ya fi tsanani. Sau uku ina canza tabarau, amma har yanzu da daddare fitila ɗaya sai in gan ta kamar biyar. Yanzu an auna mini lens mai tauri, wanda ake ɗorawa a kan ido kai tsaye, irin babban nan da ake cika wa ruwa kafin a sa. Ranar da aka gwada mini sai da na yi hawaye, don na ga fuskar mahaifiyata tangaran. Sai dai na karanta cewa lens yana iya makantar da mutum, ga shi kuma idona yana yawan ƙaiƙayi. Zan iya sa shi kullum? Me zan yi in kare idona?”

Wa alaikis salam, ƙanwata. Hawayen da kika yi ranar gwaji na san su, na sha ganin irinsu a ɗakin awon ido, kuma har yau ba su daina taɓa mini zuciya ba. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko wannan gani da kika samu zai ɗore ba tare da kin biya shi da lafiyar idon ba. Zai iya ɗorewa. Mutane da yawa masu irin cutarki sun shekara ashirin, talatin suna sa lens mai tauri kullum, idanunsu lafiya lau. Tsoronki ma yana da tushe, domin lens yana iya jawo gyambon da zai bar tabo a tsakiyar ido. Amma hanyoyin da wannan masifa ke biyowa sanannu ne, kuma kusan dukkansu a hannunki suke.

Abin da ya sami idon

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci suna ce masa koniya. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, kimanin maikiron 540, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. A keratokonus wannan tantani yana yin sirara, ya rasa ƙarfi, sai matsin da ke cikin ido ya turo shi waje ya yi tsini kamar mazurari, galibi ɗan ƙasa da tsakiya. Haske in ya faɗo a kan wuri mai tudu da kwari sai ya watse, shi ya sa fitila ɗaya take zame miki biyar. Tabarau yana gyara lanƙwasa mai tsari ne, wadda take tafiya bai ɗaya. Wadda ba ta da tsari ta fi ƙarfinsa, ko sau goma aka canza.

Lens mai tauri dabararsa daban ce. Ba ya lanƙwasa ya bi siffar koniya, yana tsayawa da tasa siffar mai santsi, sai ruwa ya cike gibin da ke tsakaninsu. Haske ya daina ganin tudu da kwarin nan, sabuwar fuska mai kyau yake gani. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Tun a 1888 Adolf Fick a Zurik da Eugène Kalt a Faris suka gwada sa wa masu irin wannan matsala lens na gilashi zalla, sai dai ido ba ya jure shi fiye da 'yan sa'o'i saboda iska ba ta ratsa gilashi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne samun roba mai tauri wadda iskar oksijin ke ratsawa, kuma a 1983 Donald Ezekiel na Ostareliya ya bayyana yin babban lens irin naki da ita.

An daɗe ana ɗaukar keratokonus a cutar da ba a cika gani ba. Wani tsohon bincike daga jihar Minesota ta Amurka a 1986 ya ba da kimanin mutum 1 cikin 2,000, sai wani daga ƙasar Holan a 2017 ya sami kusan 1 cikin 375, saboda na'urorin ɗaukar taswirar koniya yanzu suna gano ta tun tana ƙarama. Ba ke kaɗai ba ce, ko da kuwa ba ki taɓa haɗuwa da mai irinta ba.

Lens yana ba da gani, ba ya tsayar da cutar

Wannan nake fara gaya wa kowa, domin daɗin gani yana sa mutum ya manta. A ƙarƙashin lens cutar tana iya ci gaba da tafiya, ke kuwa kina gani ras, ba ki san ana yi ba. Keratokonus takan fara ne wajen balaga, ta yi ta motsi har cikin shekaru talatin da wani abu, sannan a yawancin mutane ta lafa. A shekara 24 kina cikin lokacin da take iya motsawa, kuma a wasu mata juna biyu kan ƙara mata gudu.

Abin da aka tabbatar yana tsayar da ita shi ne aikin ƙarfafa koniya, wanda a asibiti za ki ji ana kiransa kuros-linkin. Ana jiƙa koniya da ribofilabin, wato bitamin B2, sannan a haska mata hasken UV, wani nau'in haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, sai zaruruwan da ke cikinta su ƙara ɗaurewa da juna. A birnin Diresdin na Jamus aka ƙirƙiro shi, aka wallafa sakamakon farko a kan mutane a 2003, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 2016. A tsarinsa na asali ana son koniya ta kai kaurin maikiron 400, abin da ke nufin wanda ya yi jinkiri har ta sirance sosai yana iya rasa wannan dama cikin sauƙi. Don haka ki tambayi likitanki kai tsaye: an kwatanta taswirar koniyata ta bana da ta bara? Ta motsa? Idan ta motsa, maganar kuros-linkin ta riga maganar lens.

Zaman lens a kan ido

Lens ɗin masu keratokonus iri-iri ne. Akwai ƙarami mai tauri, faɗinsa milimita 8 zuwa 10, wanda yake zama a kan koniya kanta. Akwai mai tauri a tsakiya da laushi a gefe, akwai kuma masu ɗora mai tauri a kan mai laushi. Naki, bisa bayaninki, shi ne babban da yake tsallake koniya gaba ɗaya kamar rumfa, ya dafa ƙafafunsa a kan farin ido, yawanci daga milimita 15 zuwa sama. Ina son wannan nau'i ga mai cutar da ta yi nisa, saboda ba ya gogar tsinin nan mai rauni, ƙura ba ta saurin shiga ƙarƙashinsa, ba ya kuma faɗuwa.

Amma sai awon ya yi daidai. In ya sauka ya taɓa tsinin koniya zai riƙa gogarta, kuma wani babban bincike a Amurka da ya bi masu keratokonus sama da 1,200 na tsawon shekara takwas ya nuna alaƙa tsakanin sa lens da samun tabo a koniya, abin da ya sa muka daina yarda da tsohon tunanin nan na danne tsinin da lens don wai ya kwanta. In kuma ya yi nisa da yawa, ruwan da ke tsakani ya yi kauri, oksijin zai ragu. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take shaƙa ta cikin hawaye, to duk abin da aka ɗora mata ya rage mata numfashi. Muna neman tazarar da ta kai wajen maikiron 200 bayan lens ya zauna, domin a sa'o'in farko yana ɗan nutsewa cikin taushin farin ido. Shi ya sa awon da aka yi minti goma bayan sawa ba ya isa a yanke hukunci.

Ke ma akwai abin da za ki iya lura da shi. Bayan kin cire, ɗan zoben da ya bari a farin ido ya kamata ya baje cikin ɗan lokaci. In wurin ya yi ja zur yana zafi, ko cirewar tana wuya kamar an manna shi, ko kin fara ganin bakan gizo kewaye da fitilu bayan wasu sa'o'i, to awon yana son gyara. Bakan gizon nan alamar koniya ta kumbura ce.

Ruwa

A nan nake so mu daɗe, don a nan idanu suka fi salwanta. Ruwan famfo, ruwan rijiya, ruwan kwalba, ruwan wanka, ruwan wurin ninƙaya, duk hukuncinsu ɗaya: kada su taɓa lens ɗinki, kada su taɓa akwatinsa. Ruwan da ya isa a sha bai isa a sa a ƙarƙashin lens ba. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira akantamiba, tana zaune a ruwa da ƙasa a ko'ina cikin duniya. In an sha ta a ruwa yawanci ba ta yin komai, amma in ta maƙale tsakanin lens da koniya ta sami ɗan ƙarzane, sai ta shiga. In ta ji magani sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta jira. Jinyarta wata da watanni ce, a farko ana ɗiga magani kowace sa'a dare da rana, zafinta kuma ya fi abin da ido ke nunawa. Mafi yawan masu kamuwa da ita masu sa lens ne. Ba ta da yawa, gaskiya ne, amma wanda ya taɓa jinyar mutum ɗaya mai ita ba ya sake yin sassauci a maganar ruwa.

Saboda haka ki yi wanka ki wanke fuska kafin ki sa lens, ki kuma cire shi kafin ki shiga ruwa. Ki wanke hannu da sabulu, sannan ki tsane shi sarai da tawul marar gashi, domin jiƙaƙƙen yatsa ma hanyar ruwa ce. In ruwa ya fantsama miki a ido da lens a ciki, ki cire shi ki tsabtace shi cikakkiyar tsabtacewa kafin ya koma.

Sai ruwan da kike cika kwanon lens da shi. Wannan ruwa zai zauna a kan koniyarki yini guda, hawaye ba ya wanke shi sosai, don haka dole ya zama ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, marar sinadarin hana lalacewa. Mafi aminci shi ne na 'yan ƙananan robobi da ake fasawa a yi amfani da su sau ɗaya a yar. Kada ki cika shi da ruwan wanke lens, sinadaran cikinsa za su ƙona fuskar koniya in suka daɗe a kanta. Kada kuma ki haɗa ruwan gishiri da kanki a gida. Na san akwai ranar da zai ƙare miki ba shiri, kuma zuciya za ta ce sau ɗaya ba komai. Ranar ki haƙura da lens.

Ruwan gishirin nan kuma ba ya kashe ƙwayar cuta, kurkura da cikawa kawai yake yi. Kashe ƙwayoyi aikin ruwan wanki ne. Kowane dare ki ɗora lens a tafin hannu, ki ɗiga ruwan wankinsa, ki murza shi a hankali ciki da waje, sannan ki jiƙa shi. Ni na fi karkata ga mai haidurojin feroksaid kashi 3 cikin ɗari, saboda bayan ya gama aiki yana komawa ruwa da iska, ba ya barin komai a jikin lens, abin da ya dace da ido mai saurin ƙaiƙayi irin naki. Sharaɗinsa shi ne a yi amfani da akwatinsa na musamman, a bar shi aƙalla sa'a shida, kuma kada ya taɓa shiga ido kai tsaye daga kwalba, don zafinsa ba kaɗan ba ne. Kowane iri kika zaɓa, ki zubar da na jiya gaba ɗaya, kada ki yi masa ƙari. Akwatin ki bar shi a buɗe a kife ya bushe, nesa da banɗaki, ki sauya shi duk wata uku ko duk lokacin da kika buɗe sabuwar kwalba. 'Yar robar da kike sawa da cirewa da ita, ita ma tana ɗaukar datti, mutane kuma sun fi mantawa da ita.

Barci da lens kuwa babu shi, har da gyangyaɗin rana. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da lens yana ninka haɗarin kamuwa da cutar koniya sau shida zuwa takwas.

Ranar da idon ya yi ja

Yanzu ga abin da ya sa mai keratokonus ya bambanta da sauran masu sa lens, kuma shi ne ya fi damuna. Wanda yake sa lens don kwalliya ko don ya gaji da tabarau, in idonsa ya yi ja sai ya cire ya ɗauki tabaransa, rayuwa ta ci gaba. Ke in kin cire, allo ya ɓace, fuskoki sun ɓace, aiki ya tsaya. Don haka zuciyarki za ta riƙa nemo miki dalilin barinsa a ciki. Ƙari a kan haka, babban lens yana rufe koniya ya hana fatar ido gogarta, sai ya ɓoye zafin da ya kamata ya gargaɗe ki.

Na taɓa jinyar wani ɗalibi mai tsabta ƙwarai, wanda bai taɓa ba ni matsala ba. Ana cikin makon jarrabawa idonsa na dama ya fara ja. Ya lura in ya cire lens zafin yana ƙaruwa, in ya mayar sai ya ji sauƙi, sai ya ɗauka lens ɗin magani ne. Kwana uku yana haka. Da ya zo, akwai farin ɗigo a koniya, gyambo ya kama. Mun shawo kansa, amma tabon yana nan kusa da tsakiya, kuma ganin wannan ido bai koma yadda yake ba. Ban ga laifinsa ba, tsoron faɗuwa jarrabawa ne. Laifin da na gani nawa ne, da ban zaunar da shi tun farko na tsara masa abin da zai yi a irin wannan rana ba. Tun daga lokacin ba na sallamar kowa sai mun yi wannan magana.

To ga naki tsarin. In ido ya yi ja, ko yana zafi, ko haske yana kashe miki shi, ko gani ya dushe bai washe ba bayan kin cire kin sake cikawa, ko kin ga kwantsa ko farin ɗigo a baƙin ido, ki cire lens nan take. In cikin sa'a ɗaya zuwa biyu bai lafa ba, ko zafin yana ƙaruwa, likitan ido a ranar, ba washegari ba. Akwai ƙwayar cuta mai suna sudomonas da take iya cin koniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, taki kuwa da ma siririya ce. Ki tafi da lens ɗin da akwatinsa da ruwan ciki, kada ki wanke, don a wasu lokuta daga nan ake gano ƙwayar. Kada ki ɗiga wani maganin da ya rage a gida, musamman mai sitiroyid. Yana kwantar da ja ya sa ki ji daɗi, alhali yana buɗe wa cutar hanya.

Ki kuma tanadi tabarau mafi kyawun da za a iya yi miki, ko da rabin gani yake ba ki, don ranar da ido ke son hutu. Ki sani cewa in ido ɗaya ne ya yi ciwo kina iya sa lens a ɗayan, muddin likita ya ce ba ciwo ne mai yaɗuwa ba. Ki sanar da malamanki ko shugabanki a wurin aiki tun yanzu cewa akwai ranakun da ganinki zai ragu, don kada ranar ta zo kina jin kunyar faɗa.

Akwai wani abu daban da kan sami masu keratokonus mai tsanani: tantanin bayan koniya ya tsage, ruwa ya shige ta, ta yi fari fat cikin ɗan lokaci, gani ya dushe. Abin yana da firgitarwa, amma yawanci yana lafawa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Shi ma a cire lens a je asibiti.

Ƙaiƙayi

Kin ambace shi a ƙarshe kamar ƙaramin abu, ni kuwa a wurina babba ne. Murza ido yana cikin abubuwan da aka fi danganta su da tsanantar keratokonus, kuma sau da yawa idon da mutum ya fi murzawa, ko ɓangaren da yake kwanciya yana danne shi da hannu ko matashi, shi ne ya fi lalacewa. Ki lura da kanki, ko na hagun nan shi kike yawan kai wa hannu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne da daddare bayan an cire lens, sa'ad da ido ke neman a sosa shi.

Cewa mutum ya daina murzawa ba tare da an kashe masa ƙaiƙayin ba aikin banza ne. Akwai magungunan ɗigawa na rashin jituwar jiki, irin su olofatadin, da likita zai iya rubuta miki. Ana ɗiga su kamar minti goma zuwa sha biyar kafin a sa lens, ko bayan an cire, domin yawancinsu suna da sinadarin hana lalacewa wanda bai kamata ya maƙale a ƙarƙashin lens ba. Tsumma mai tsabta mai sanyi a kan rufaffen ido yana kwantar da ƙaiƙayi nan take. A kuma ɗaga fatar idonki ta sama a duba cikinta, don dattin da ke taruwa a jikin lens kan tayar da ƙuraje a wurin. In kina kwalliya, lens ya fara shiga kafin ita, ya kuma fita kafin ki goge ta.

Wannan bayani yana amfanar waɗanda ke sa irin lens ɗinki saboda wasu cututtukan, kamar waɗanda cutar Stevens-Johnson, wadda ke saɓule fata ta taɓa ido, ta busar wa ido, sai dai su da waɗanda jijiyar jin koniyarsu ta mutu ba za su dogara da zafi ya gargaɗe su ba, dole su riƙa duba idon a madubi kullum. Wanda aka yi wa dashen koniya kuma ya fi saurin kumburi, sa'o'in da zai iya sa lens sukan zama kaɗan.

Sa'a nawa a yini

Wannan ba zan iya yanke miki daga nesa ba, don ban ga taswirar koniyarki ba, ban ga yadda lens ɗin ya zauna ba. Abin da nake yi da nawa marasa lafiya shi ne mu fara da sa'a uku zuwa huɗu, mu riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu. Da yawa suna kaiwa sa'a goma sha biyu ko fiye ba matsala. Wasu ganinsu kan yi hazo da tsakar rana saboda datti ya taru a ruwan, sai su cire su kurkure su sake cikawa, wannan ba cuta ba ce. In kin ga kumfar iska a ƙarƙashinsa bayan kin sa, ki cire ki sake, don wurin kumfar zai bushe. Sunkuyar da fuska sosai ta kalli ƙasa, da cika kwanon har ya tumbatsa, su ke hana kumfa.

A shekarunki ina son a ga idon duk wata shida, a ɗauki taswirar koniya a kwatanta da ta baya. Ki tambayi asibitin ko suna son ki huta da lens na wasu kwanaki kafin ranar taswira, don yana iya ɗan sauya siffar koniya. Ranar duba zaman lens kuwa ki je da shi a idonki, kin sa shi aƙalla sa'a huɗu, ki riƙe akwatinsa da kwalaben da kike amfani da su a jaka, ki ce wa likitan ya tsaya ya kalli yadda kike sawa da cirewa da hannunki.